Maƙerar da Ta Juya wa Titi Baya

Ranar da aka kawo uwar maƙera daga Gwarzo, a bayan kurkura aka ɗauro ta, an naɗe ta da tsohon bargo. Ni dai da na leƙa, guntun ƙarfe na gani, baƙi, mai faɗin kai, wanda ko a bola na gan shi ba zan sunkuya ba. Amma mijina Jibirin, wanda nake ce wa Baban Kamila, sai da ya nemi mutum biyu suka kama masa, yana ta cewa a bi a hankali. A kanta kakansa ya yi ƙira, a kanta mahaifinsa ya yi. Shi kuwa ya tafi Kano ya shafe shekaru yana walda a shagon wani, yana yi wa masu hali ƙofofi da tagogi, har ranar da ya dawo ya ce min shi fa ya gaji, wuƙa yake so ya riƙa yi. Ba irin wadda ake bazawa a tabarma ranar kasuwa ba. Wadda mutum zai zo ya faɗi aikin da zai yi da ita, a ƙera masa daidai hannunsa.

Na ce to, a ina? Gidansu na Gwarzo ya cika ya batse, kowa ya yanki rabonsa ya kewaye. Mu kuma a nan Kabo haya muke, ɗaki ɗaya da 'yar tsakar gida da ko shanya ba ta isa. Maganar ta kai kunnen mahaifina ta bakin ƙanwarsa, Goggo Marka, don ni ba na iya kai masa zance irin wannan. Ni ce 'yarsa ta fari. Tunda na yi wayo ban taɓa jin ya ce Hajjo ba, sai dai "ke" ko "yarinyar nan", shi ma in ta kama dole. Bayan kwana biyu Goggo ta dawo ta ce Baffa, haka muke kiran mahaifina, ya ce akwai ɗakin da yake zuba harawa a ƙofar gida, in Malam, wato mijina, yana so ya ɗauka.

Baffa, Mijinyawa sunansa, da can mai garke ne. Shanun sun tafi ta hanyoyin da shanu suke tafiya: ciwo ya ci wasu, ɓarayi suka kora wasu, sauran ya sayar ya sayi gona da gidan da yake ciki a gefen gari. Saniya ɗaya ya bari, Wule, jikar saniyar da mahaifinsa ya ba shi tun yana yaro. Ta tsufa, ta daina haihuwa, nono kuwa an ma manta rabon da a tatse ta. Tana ɗaure a gindin darbejiyar ƙofar gida, shi kuma yana gefenta a kan buzu, masu wucewa a titi su ɗaga masa hannu, ya amsa. Cikin gidan babu inuwa, babu fili, mata da yara da tukwane ne. Ƙofar ɗakin harawar nan kuwa bishiyar take kallo, da titin da ke gabanta.

Baban Kamila ya ga ƙofar ya ce ai ko shi ya zana ɗakin iyakar abin da zai yi ke nan. Ga titi, ga iska, ga inuwar da masu jira za su zauna.

Ya kwashe harawa ya mayar rumfa, ya share, ya yaɓe inda bango ya tsage, ya ɗaga kwano ta baya don hayaƙi ya samu hanya. Sannan ya je Gwarzo ya ɗauko ƙanin mahaifinsa, Kawu Dalhatu, don a gidansu yaro ba ya kafa uwar maƙera da kansa matuƙar akwai babba a raye. Kawu tsoho ne mai faɗa, gajere, hannayensa duk tabon wuta. Ya zagaya ɗakin, ya ƙwanƙwasa ƙasa da dunduniya, ya nuna kusa da bangon baya ya ce a haƙa nan. Aka haƙa rami har gwiwa, aka saka kututturen ƙirya, aka dandaƙe ƙasa a gefensa har ta yi tauri, aka kafa ƙarfen a tsakiya. Ya yi addu'a, aka shafa, aka raba goro da waina. Da zai tafi ya ce, "Na kafa ta. Inda take nan za ta mutu, ba a yi mata yawo kamar kujerar mai shayi."

Sauran kayan a hankali suka taru. Murhu na laka a gefen uwar maƙera. Maimakon zuga-zugin fata, ya haɗa wata fanka da ƙafar keke, a murɗa ta hura gawayi, abin da Kawu ya kalla ya yi tsaki. Guduma babba da ƙarama, awartaki iri-iri da ya ƙera da kansa, tsohuwar garwa cike da baƙin mai ta tsoma ƙarfe in ya yi ja. Sifirin ɗin tsofaffin motoci ya sayo a wajen 'yan gwangwan ya jingine a kusurwa. Icen marke da ƙahon sa na yin ƙota suna kan wani katako da ya kafa a bango. Abin da ya fi ji da shi kuwa injin washi ne, wanda ya haɗa da motar tsohon famfo, yana jan wuta daga sola da ya ɗora a kan kwano. Shi a bakin ƙofa ya girke shi, saboda ƙura da tartsatsi su riƙa fita waje.

Ni ma na samu aiki. In na kawo masa abincin rana sai na zauna na goge ƙota da samfefa, na shafa mata man gyaɗa. Ina kallon yadda yake karɓar aiki. Mutum zai zo, ya tambaye shi fiɗa zai yi ko yanka ko tsire, da dama yake aiki ko da hagu, sannan ya miƙa masa curin ɗanyar laka ya ce ya damƙe kamar yadda yake riƙe wuƙa. Ya ajiye curin ya bushe, a kansa zai sassaƙa ƙota. Mutane suna dariya, amma wanda ya karɓi tasa sai ya dawo da wani. Wallahi na ji daɗin kwanakin nan, don tunda na aure shi ban taɓa ganinsa yana waƙa a bakin aiki ba sai lokacin.

Mahauta su suka fara yawa. Kuma mahauci, Allah Ya shirye shi, ba ya iya karɓar wuƙa ya sa a kube ya tafi. Sai ya fito haske ya juya ta, ya aske gashin hannunsa, ya kaɗa ta a iska, ya taka zuwa inuwar darbejiya ya nuna wa abokinsa. In ya je inuwar kuma ga saniya a tsaye, ai hannunsa ba zai zauna ba. Ya taɓa tozonta, ya matsa cinyarta, wuƙar na ɗaya hannun, yana cewa, "Baffa, wannan ai ta gama aiki, me ake jira da ita?" Baffa ya yi murmushi ya ce, "Tana nan dai."

Ba a daɗe ba Baffa ya fara kwance ta da sassafe ya fita da ita bayan gari, ba zai dawo ba sai an rufe shago. Baban Kamila ya ce ƙila ciyawa yake nema mata kafin ta ƙare. Ni dai abin ya tsaya min. Baffa yana da ciwon gwiwa, masallacin unguwa ma da sanda yake zuwa. Ga harawa jibge a rumfa. Me zai kai shi daji?

Wata safiya na zo da wuri karɓar turmi a wajen Goggo, na tarar Baban Kamila ya riga ya buɗe shago saboda wani aiki na gaggawa. Ya kunna inji, ya ɗora wata doguwar wuƙar yanka, tartsatsi na ta feshi ta ƙofa. Baffa yana fitowa daga zaure ya ga haka. Ban taɓa ganin ya yi sauri irin na ranar ba. Ya jefar da sanda, ya je ya tsaya tsakanin saniyar da ƙofar shagon, ya buɗe hannun rigarsa ya tare mata fuska, yana kwance igiya da hannu ɗaya yana yi mata magana ƙasa-ƙasa da Fillanci. A haka ya juya ta, ya bi da ita ta gefen katanga, bai ɗauke rigar daga idonta ba sai da suka sha kwana.

Nan na tuna da layya a gidanmu muna yara. Baffa ba ya wasa wuƙa a cikin gida. Can bayan rumbu yake zagayawa, ya dawo da ita a ɓoye cikin hannun riga, rago ba ya ganinta har a gama. Ko ƙannena suka ɗauko wuƙar yankan kuɓewa suka gifta ta gaban dabba sai ya kira su ya yi musu faɗa.

Na shiga wajen Goggo na ce, "Goggo, ashe abin da ke fitar da shi ke nan, kuna kallo?"

Ta ce, "To ya za mu yi? Shi ya ba da ɗakin da bakinsa. Kina so ya je ya ce wa surukinsa aikinka ya dame ni? Ai gara ƙafar ta gutsure." Ta ci gaba da tankaɗe, sannan ta ce, "Ya ma aika Getso. In an kwashe dawa Abdulnasir zai zo ya tafi da ita, ta zauna a cikin nasu. Ya ce ƙafarsa ba za ta kai rani ba."

Abdulnasir ɗan ƙanin Baffa ne, yaron kirki, ba zai wulaƙanta ta ba. Amma ni na san in saniyar nan ta bar ƙofar gidan, Baffa zai shige ɗaki ne ya zauna, kuma ba zai ƙara fitowa da buzun nan ba. Raina ya ɓaci, na rasa da wa zan yi fushi. Da tsohon da zai kashe kansa da kunya, ko da mijin da yake waƙa bai san abin da ke faruwa a gaban hancinsa ba.

Da rana na kai wa Baban Kamila abinci na bari ya ci ya ƙoshi, sannan na faɗa masa duka. Ya daɗe yana kallon bishiyar da babu kowa a gindinta.

Ya ce, "Hajjo, ni ma na san ba a wasa wuƙa a gaban dabba. Kowace shekara liman sai ya faɗa. Amma ai dabbar da za a yanka ake nufi. Wa ya ce zai yanka Wule?"

Na ce, "Ita ta san da haka? Kai ka gaya mata?"

Can ya ce, "Me ya hana shi faɗa min tun farko?"

Na ce, "Ni da ya haifa ma bai taɓa faɗin sunana ba, kai ne zai kira ya ce ka kashe inji?"

Washegari ya sayo zana ya kafa tsakanin ƙofar da bishiyar, ya ja injin ciki. Na ce madalla. Kwana biyu Baffa ya gwada zama. A na uku wani mahauci ya karɓi wuƙarsa, ya zagaye zanar kamar ba don shi aka kafa ba, ya je inuwa yana gwada kaifi a farcensa, kusan a kan hancin saniyar. Baban Kamila ya fito ya yi masa magana, mutumin ya ce shi da ya zo da kuɗinsa ba za a hana shi shan inuwa ba. Da gari ya waye Baffa ya sake kwance igiya.

Sai Baban Kamila ya daina waƙa. Ina ganinsa yana zagayawa bayan ɗakin, inda wani siririn lungu ya bi ta tsakanin katangarmu da ta maƙwabta ya ɓulle can wajen masu faci. Lungu ne da ko mai tura ruwa ba ya bi, sai kaji da kwata. Ya auna bangon da taku, ya dawo ciki ya tsaya a kan uwar maƙera yana kallonta. In za a fasa ƙofa ta lungun, daidai inda take nan ƙofar za ta faɗo, don ɗaya gefen bangon zaure ne. Sai an tone ta, an rushe murhu, an juya komai. Kuma duk wanda ya wuce a titi ba zai ƙara sanin akwai maƙera a wurin ba.

Ban ce masa ya yi ba. Ba zan iya ba, na san abin da ya zuba a ɗakin nan, na san kuma titin nan ne yake kawo masa rabin mutanensa. Shi da kansa ya tashi wata safiya ya ce zai je Gwarzo.

Tare suka dawo da Kawu Dalhatu, kuma tun daga bakin titi ake jin faɗansa. "A tone uwar maƙera saboda saniya. Ni tunda nake ban taɓa ji ba. Kakanka a kan ƙarfen nan ya yi wa mahautan Gwarzo wuƙaƙe, awaki na yawo a ƙofarsa, wace ce ta kai ƙara?" Baban Kamila yana ta ba shi haƙuri yana roƙonsa ya rage murya. Aka yi sa'a Baffa ya riga ya fita.

Kawu ya zauna a gindin darbejiya yana huci, na kawo masa fura. Ya sha, ya kalli turken, ya kalli inda buzu ya yi shekaru yana goge ƙasa har wurin ya yi santsi. Ya tambaye ni ina tsohon yake kai ta. Na ce bayan makarantar firamare, wajen wata tsamiya. Ya ce da wannan ƙafar? Na ce da ita. Ya shanye furar, ya goge baki, ya ce, "To ku ba ni diga. In za a yi abin kunya gara ni na yi shi da hannuna."

Kafin a sa diga sai da aka tsaya a kan abin da za a gaya wa Baffa, don in ya ji saboda shi ne, ranar zai sa a kira Abdulnasir. Kawu ne ya samo mafita. Da yamma da Baffa ya dawo ya tarar da ƙasa a tone, bulo a jibge, Kawu ya tare shi, suka gaisa, gaisuwa mai tsawo, gida da iyali da gona da gajiya. Baban Kamila na tsugune a gefe ya cire takalmi. Sannan Kawu ya ce, "Malam Mijinyawa, yaron nan ne bai san aiki ba. Ya bar ƙofa tana kallon gabas, hantsi na shigo masa, ba ya ganin launin ƙarfe in ya fito daga wuta. Maƙera duhu take so. Na ce ya toshe ta ya fasa ta baya, in ba ka ƙi ba."

Baffa ya kalli ƙofar, ya kalli surukinsa, ya mayar da ido ƙasa. Ya ce, "Ku kuka san aikinku. Allah Ya sa albarka."

Aka toshe ƙofar titi da bulo aka yaɓe. Aka fasa ta lungu, aka sake haƙa rami, Kawu ya sake kafa ƙarfen yana mita daga farko har ƙarshe, ya sake addu'a, wannan karon babu waina. Baban Kamila ya zuba ƙasa a kwatar lungun ya shimfiɗa katako, ya sa ɗan benci. Kasuwa ta ja baya, ba zan ɓoye ba. Akwai ranakun da tun safe har la'asar babu wanda ya leƙo, sai waɗanda suka ga hoton aikinsa a waya suka kira suna tambayar ta ina ake shiga. Wani lokaci in na ga ya zauna shiru a bencin nan sai na ji kamar na yi kuka.

Amma Baffa ya koma gindin bishiyarsa. Da aka kwashe dawa Abdulnasir ya zo a kan babur, ya gaida kowa, ya ci tuwo, Baffa ya ba shi saƙon gaisuwa ga mutanen Getso, ya koma shi kaɗai. Ba wanda ya ta da maganar, a ranar ko bayanta.

Haka aka ci rani. Wajen shigowar bazara, zafi ya fara tsanani, Wule ta fara ƙin harawa. Baffa ya jiƙa mata dusa, ya sa kanwa, ya kira mai duba dabbobi ya yi mata allura. Ta ɗan farfaɗo, ta sake komawa. In ta kwanta sai an taru an ɗaga ta.

Ina shago wata ranar da hantsi ina goge ƙota, na ji ƙarar sanda a kan katakon lungu. Baffa ne. Tunda aka buɗe wurin nan, ta tsohuwar ƙofa ko ta sabuwa, bai taɓa sa ƙafa a ciki ba. Baban Kamila ya kashe inji ya durƙusa. Ni kuma na ja mayafi na matsa kusurwa, na rasa ta inda zan fita don yana tsaye a ƙofar.

Suka gaisa. Baffa ya zauna a bakin benci ya miƙe ƙafar mai ciwo. Ya daɗe yana kallon kayan da ke rataye a bango.

Ya ce, "Malam, aiki na kawo."

"To, Baffa."

"Wule ta daina tuƙa tun jiya. Ba zan bari ta mutu a banza ba, kuma ba zan ba mahauta ita ba. Ni zan yi da hannuna." Ya shafa gwiwarsa. "Wuƙata ta tsufa, ta yi gajarta. Ina son doguwa, wadda za ta wuce sau ɗaya. Kada ta ji komai."

Baban Kamila ya ce, "In sha Allahu, Baffa."

Baffa ya dafa sanda ya miƙe. Har ya juya, sai ya tsaya ya dafa bangon sabuwar ƙofar, yana kallon lungun, ba ya kallon kowa a cikinmu.

Ya ce, "A nan za ka wasa ta. Nan ba ta gani." Sannan ya ce, "In ka gama ka ba Hajjo ta kawo min a cikin zane."

Ya tafi, muna jin sandarsa har ta fita lungun. Ni dai ina zaune da ƙota a hannu, hawaye na zuba a kanta. Baban Kamila ya tashi ya je kusurwa, ya daɗe yana juya sifirin ɗin nan ɗaya bayan ɗaya kafin ya zaɓi wanda zai sa a wuta.